Tsofaffin Katunan Jos Da Labarin 'Yan Kuzan Ƙasar Katagum

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu zai tuna da wasu 'yan katuna masu hoto waɗanda ake sayarwa a gidan waya da kantunan littattafai. Gabansu hoto ne, bayansu kuwa an raba shi biyu, gefe ɗaya na rubuta gaisuwa, ɗayan kuma na adireshi da kan sarki. Ba a sa su cikin ambulan, kuma kuɗin aika su bai kai na wasiƙa ba. Yanzu da wuya a ga mai aika su, amma cinikinsu bai mutu ba. Masu tara kayan tarihi a Ingila da Amurka da Jamus suna saye da sayar da su ta intanet, kuma cikin katunan Nijeriya da ake nema har da na Jos, garin kuza wanda ke bisa dutse.

Mai karatu da ke neman abinci a Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal, musamman in mutumin Azare ne ko Shira ko Gamawa, yana iya cewa ina ruwansa da hotunan da Turawa suka ɗauka shekaru ɗari da suka wuce. To, da ruwansa. Mutanen nan da ake gani a jere cikin hotunan, kowa da kwanon sarki a ka, yawancinsu 'yan cin rani ne irinsa, waɗanda suka bar gida bayan an gama kaka don neman kuɗin haraji da na aure. Tun kafin 'yan Arewa su san hanyar Ikko da yawa haka, barikin kuza shi ne Kurmin kakanninsu.

YADDA KUZA TA KAFA GARI

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a wannan yanki ba. Tun kafin zuwansu akwai maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi waɗanda suke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta ta fito siri-siri kamar tsinke, fatake kuma su kai ta kasuwannin Kano da wasu garuruwa masu nisa. Waɗannan tsinkayen su ne suka kai ga idon ma'aikatan Kamfanin Neja, har suka shiga neman inda ake samo su.

A cikin 1902 kamfanin ya aiko da masu bincike, a 1903 kuma wani injiniya mai suna H. W. Laws ya iso tare da rakiyar soja, ya sauka a wajen Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Daga 1909 zuwa 1913 labarin kuzar Bauchi ya cika kasuwar hannun jari ta London, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar ciyawar damina. Cikin 'yan shekaru filayen suka koma hannun masu lasin, sana'ar maƙeran Liruwe kuma ta mutu.

Da farko a ka ake ɗaukar buhunan kuza, 'yan alaro su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, sa'an nan a zuba a jirgin ruwa. Wahalar wannan hanya ce ta sa aka shimfiɗa wani ɗan siririn layin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya isa Rahama a 1912, ya kuma kai Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, yana kawo gawayin Inugu yana komawa da kuza. Ɗan ƙaramin jirgin Zariya kuwa ya ci gaba da aiki har 1957 da aka rufe shi. A 1929 kamfanin NESCO ya soma aikin samar da lantarki daga ruwan Kurra domin injunan haƙa, abin da ya sa wannan yanki ya riga manyan biranen Arewa da yawa samun wuta.

Garin da aka kafa bisa tsayin ƙafa 4,000 daga teku ya yi wa Turawa daɗi saboda sanyinsa, har ya zama wurin hutunsu. Inda Bature yake da yawa kuwa nan mai sayar da kati yake samun ciniki, domin shi ne mai son aika wa iyalinsa hoton inda yake zaune. Kantin littattafai na C.M.S. a Ikko ya buga katunan Nijeriya masu yawa, haka kuma masu ɗaukar hoto 'yan Afirka irin su N. Walwin Holm sun yi suna a wannan sana'a tun farkon ƙarnin da ya wuce.

ABIN DA HOTUNAN KE NUNAWA

In aka baje katunan Jos a tabarma, za a ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko na gari ne da duwatsu: tashar jirgi, gidan waya, kantunan kamfanoni, gidajen Turawa masu furanni a ƙofa, da manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Kashi na biyu na mutanen ƙasar ne, watau Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, waɗanda aka riƙa ɗaukarsu hoto ana rubuta musu sunayen raini a ƙasan katin. Su ne masu gonakin da aka haƙe, kuma su ne suka fi kowa asarar ƙasa a wannan sha'ani.

Kashi na uku shi ne na aikin kansa, kuma shi ne ya fi shafar mai karatu. Ana ganin wani ƙaton rami mai hawa-hawa, mutane a ƙasa suna sara da diga suna kwasa da shebur, wasu kuma a jere suna hawa da kwanon sarki cike da ƙasa. Dalilin wannan wahala shi ne kuzar tana kwance ne cikin tsakuwar tsofaffin rafuka waɗanda ƙasa ta binne, saboda haka sai an kwashe ƙasar sama duka kafin a kai gare ta. In an kai, sai a zuba tsakuwar cikin wani dogon kwararo na katako a sakar mata ruwa. Yashi da laka su bi ruwa su tafi, kuza kuwa da yake baƙa ce mai nauyi sai ta kwanta a ƙasa. Daga nan a sake tace ta da ƙwarya, a shanya, a ɗura a buhu, a aika Ingila inda ake narka ta. Babban amfaninta a wancan lokaci shi ne shafe ƙarfen gwangwani don kada ya yi tsatsa, watau gwangwanin madara da na kifi da ake saye a kanti suna da alaƙa da wannan rami.

A kusan kowane irin wannan hoto akwai Bature ɗaya ko biyu a tsaye a bakin ramin da malafa, da heluma a kusa da shi. A ƙasan katin ana rubuta sunan wurin, wani lokaci da sunan kamfani. Sunan lebura kuwa ba ya fitowa. Ɗaruruwan fuskoki ne, amma ba wanda aka ce wane ne ɗan wane daga gari kaza.

Sai dai sunayen barikokin sun tona asirin waɗanda suka zauna cikinsu. Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gida, Dorowa, duk da Hausa aka raɗa musu suna, domin Hausa ce harshen da ya haɗa Bakano da Babarbare da Bazazzagi da mutumin Damagaram da ɗan ƙasa a bakin aiki.

DAGA AZARE ZUWA BARIKI

Tarihin mulki ya haɗa Jos da Katagum ta wata hanya mai ban sha'awa. Malam Zaki ne ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi. A watan Janairu na 1824 Turawan nan masu yawon bincike, Clapperton da Oudney, suka sauka a garin zamanin Sarki Ɗan Kauwa. Clapperton ya rubuta cewa gari ne mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya kuma ƙiyasta mutanensa tsakanin 7,000 da 8,000. Oudney bai yi nisa da garin ba ya rasu a Murmur. Turawan mulki sun karɓi ƙasar a 1903, aka haɗa ta da Lardin Kano a 1905, sa'an nan a 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka mai da hedkwatar masarautar Azare. A 1926 aka sa Katagum cikin Lardin Bauchi, kuma a wannan shekara ce aka cire Jos daga Lardin Bauchi aka kafa Lardin Filato. Watau ɗaya na shiga ɗaya na fita.

Amma iyakar lardi ba ta hana ƙafa tafiya. Abin da ke tura mutum shi ne haraji da jangali, waɗanda Turawa suka ce da kuɗinsu za a biya, ba da wuri ko hatsi ba. Manomin Chinade ko Madara ko Itas, in gyaɗarsa da audugarsa ba su yi kuɗi ba, ba shi da zaɓi sai ya ɗauki sanda da buta ya nufi inda ake biyan lada da sule kowane mako. Hanyar ita ce a gangaro Bauchi, a bi ta Toro da Tilden Fulani a hau dutse. Wasu sukan yi makonni kaɗan su haɗa kuɗin haraji su juya kafin saukar damina. Wasu kuwa bariki ya riƙe su, suka zama mahauta da teloli da masu sayar da hatsi da malaman allo, suka yi aure suka hayayyafa a can. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatan kuza sun kusa 40,000.

Wanda ya nemi katin Azare ko na Katagum na wannan zamani zai sha wuya. Masu buga kati layin dogo suke bi da inda Turawa suka taru, watau Ikko da Zariya da Kano da Jos, ita kuwa Azare jirgi bai taɓa zuwa mata ba. Ko layin Barno da aka gama a 1964 ta Bauchi da Gombe ya bi. Saboda haka mutumin Katagum na wancan lokaci, in har kyamara ta kama shi, mai yiwuwa a cikin ramin kuza ta kama shi, nesa da gida.

ABIN DA KATI BAI NUNA BA

Kati kayan sayarwa ne, mai sayarwa kuwa ba ya buga abin da zai ɓata wa mai saye rai. Don haka akwai babi biyu na tarihin kuza waɗanda ba za a gan su a hoto ba.

Na farko shi ne karayar kasuwar duniya ta 1929. Farashin kuza ya faɗi, a 1931 kuma Nijeriya da Malaya da Bolibiya da tsibiran da Holan ke mulka a gabas suka yi yarjejeniyar rage haƙa. Cikin 'yan shekaru yawan ma'aikata ya ragu da fiye da rabi, aka sallami dubban mutane ba ko sisi na sallama. Ƙananan kamfanoni suka durƙushe, manya suka haɗiye su, har aka kafa Amalgamated Tin Mines of Nigeria a 1939, wanda ya zama uban tafiya a filin.

Na biyu shi ne abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai haƙo kuza a duniya, sai ido ya koma kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo, Lardin Bauchi na ciki. Umurni ya riƙa saukowa daga Razdan zuwa En'e, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, talaka kuma shi ne ƙarshen layi. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a canza shi. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar yashi aka kai su kan dutse cikin ruwa da sanyi, ga ƙarancin abinci, ga bukkoki marasa kyau. Ciwon haƙarƙari da gudawa suka kashe da yawa, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti, wasu kuma suka gudu cikin dare. A 1943 aka haƙo fiye da tan 17,000, wanda shi ne mafi yawa a tarihin filin. Sai da magana ta kai Majalisar Dokokin Ingila sa'an nan aka soke dokar a 1944.

Bayan yaƙi an sake samun wata garaɓasa a farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka ta riƙa sayen wani ma'adini mai suna kwalambait da tsada, wanda a da ake zubar da shi cikin dusar kuza. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos. A 1972 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai mai hedkwata a Jos. Amma a lokacin kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, man fetur kuma ya ɗauke hankalin kowa. Ranar 24 ga Oktoba, 1985, ƙungiyar da ke tallafe da farashin kuza a duniya ta karye, farashi ya faɗi da kusan rabi, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Abin da suka bari shi ne tuddan jar ƙasa da kududdufai masu zurfi waɗanda ke cin mutane da dabbobi. Har yanzu akwai masu haƙa da hannu, kuma rami yakan rufta da su.

Wani abin alheri ɗaya da haƙar ta tono shi ne gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a ramin kuza a 1928. Su ne sanadin da Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

YADDA AKE GANE SHEKARUN KATI

Wanda ya sami irin wannan kati a akwatin mahaifinsa yana iya gane zamaninsa ko da ba a rubuta kwanan wata ba. In bayan katin bai rabu biyu ba, to na farkon farko ne, domin a 1902 Ingila ta yarda a raba bayan kati. In kan sarkin yana ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa ita kaɗai, an buga shi kafin haɗewar 1914. Hatimin gidan waya na Naraguta shi ma alama ce ta tsufa. In an rubuta Jos ko Naraguta a Lardin Bauchi, hoton ya riga 1926.

Fuskar da ke kan sarkin ita ma shaida ce: Sarki Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, George na Biyar zuwa 1936, George na Shida zuwa 1952, sa'an nan Sarauniya Elizabeth. Kan sarkin ahu na 1936 yana ɗauke da hoton injin haƙar kuza, haka nan na kwabo biyu na 1953 aikin kuza aka zana a kansa. In motoci na bin hannun hagu a hoton, an ɗauke shi kafin Afrilu 1972. In kuɗin kan sarki da kobo ne na naira, daga 1973 ne zuwa sama. In an rubuta Jihar Binuwai da Filato, tsakanin 1967 ne da 1976. Sai dai a lura, hatimi ranar aikawa yake nunawa, hoton kansa yana iya girme shi da shekaru goma ko fiye, domin akan yi ta sake buga hoto ɗaya.

KIRA GA MAZAUNA KURMI

Gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washinton yana riƙe da dubban katunan Afirka, an jera su an ba kowanne lamba. A gida kuwa gara da kyankyaso da yoyon ɗaki suna cin nasu rabo kullum. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, da gobarar babbar kasuwa ta 2002, sun haɗiye takardu da hotunan iyalai masu yawa na kowane ɓangare, waɗanda ba za a sake samunsu ba.

Danshin Ikko da Fatakwal babban abokin gaban takarda ne. Wanda yake da kati ko tsohon hoto kada ya manna masa gam ko salatif, kada kuma ya kai a liƙe shi cikin roba da zafi, domin hakan yana lalata shi har abada. A sa kowanne cikin ambulan nasa, a ajiye a wuri busasshe nesa da ƙasa. A ɗauki hoton gabansa da bayansa da waya a aika wa 'yan'uwa, domin sau da yawa rubutun baya ya fi hoton daraja. In wani ya zo saye, kada a yi gaggawa, a fara tambayar masana a gidan tarihi na Jos, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne tsofaffi. Waɗanda aka ɗiba a 1942 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan a Azare da Yana da Giade da Sakwa, kuma sun ji labari daga bakin iyayensu. Wanda ya je gida da salla ya zauna da su, ya tambayi sunan wanda ya tafi bariki, da barikin da ya zauna, da shekarar da ya tafi in an tuna, da ko ya dawo ko can ya kwanta dama. A rubuta, ko da boko ko da ajami. Ƙungiyoyin 'yan Katagum da ke Kurmi suna iya tattara waɗannan sunaye su miƙa wa fadar Sarki, ko sashen tarihi na kwalejin ilmi ta Azare da jami'ar jiha da ke Gadau. Ta haka ne fuskokin da ke cikin katunan za su sami sunan da Bature bai rubuta musu ba.

Haka kuma mai sayar da goro a Shagamu da mai dako a kasuwar Mil 12 su tuna cewa wata rana jikokinsu za su nemi sanin inda suka zauna da aikin da suka yi. Hoton da ke cikin waya yana tafiya da wayar in ta ɓace. A wanke ko da guda biyu ne a takarda, a rubuta suna da gari da shekara a baya, a aika gida.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a kan dutse, ya kuma mai da kowane matafiyi gida lafiya.